Yadda za ka riƙe gaɓar kogi ko babu kyarkeci

Lambuna yana bakin Kogin Kaduna ta wajen Rafin Guza, gadon mahaifina ne. Muna yara akwai wani ɓaure da muke ɗaure jaki a gindinsa, daga nan zuwa ruwa sai ka ɗan taka. Yau inda ɓauren yake ruwa ne ke bi. Damina uku a jere, duk watan Satumba sai in zo in tarar gaɓa ta rufta kamar an datse ta da wuƙa, ta tafi da fangalin da na shekara ina zuba wa taki. Na daɗe ina ganin laifin ruwa ne. Ɗan ƙanena da ke karatun kimiyyar dabbobi a Zariya shi ya fara ba ni labarin kyarkecin Amurka, daga nan na soma duban gaɓar da wani ido.

Kyarkecin nasu ba irin namu ba ne mai dabbare-dabbare, wanda mahaifina ya ce suna jin labarinsa a dazukan Birnin Gwari. Nasu ya fi girma, ya fi kama da ƙaton kare mai gashi. A gandun dajin Yellowstone an bi su da bindiga da guba har aka ƙarar da su wajen 1926. Da suka kau, wata babbar barewa da suke kira elk ta samu sake. Ta yi yawa, ta tare a bakin rafuka, duk tsiron da ya ɗago kai sai ta gwaguye shi. Itatuwan bakin ruwa suka daina tasowa. Wata dabbar ruwa mai suna biba, wadda ke sare rassa tana datse rafi da su, ta rasa abinci da kayan aiki, ita ma ta ragu. Rafi ya rasa birki, ya riƙa gudu yana haƙa ƙasa. A 1995 da 1996 aka ɗauko kyarketai 31 daga Kanada aka sake su a gandun. Barewar da ta kai kusan 19,000 a arewacin gandun ta sauko zuwa wajen 4,000 cikin shekara ashirin, kodayake mafarauta da fari da wasu namun dajin duk suna da hannu. A wasu wuraren itatuwa suka farfaɗo, gidajen biba da suka rage ɗaya tak a yankin suka kai 12 a 2009.

Kada a faɗa maka kyarkeci ya dawo komai ya gyaru. Masana a jami'ar jihar Kolorado sun yi shekara 20 suna gwaji a wurin, suka ga inda rafi ya riga ya yi zurfi, ruwan ƙasa ya sauka, itatuwan ba su dawo yadda suke ba duk da kyarkecin. Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni, don yana nufin gaɓar da ka bari ta lalace ba lallai ta jira ka ba.

To mu ba mu da kyarkeci, ba kuma muna nemansa ba. Amma aikin da ya yi a can ba wani sihiri ba ne: ya rage bakin da ke cin tsiro a gaɓa, ya hana dabba yin zaman dirshan a wuri ɗaya. Wannan mutum na iya yi da hannunsa.

Ka fara da tafiya. Da rani, ruwa ya janye, ka bi gaɓar gonarka daga farko zuwa ƙarshe kana duban abu ɗaya: akwai ƙananan itatuwa? Manyan ba sa faɗa maka komai, tun zamanin kakanni suke. Idan ka ga tsohon malmo ko giyayya amma babu ko ɗaya mai tsawon ƙugunka, kuma 'yan tsiron da ke wurin duk kansu a gutsure yake, to ana cin 'ya'yan kafin su girma. Ranar da tsohon ya faɗi babu magaji. Ka duba sawu a laka ma. Ni da na duba, rabin sawun na awakin unguwarmu ne, har da nawa biyu. Na faɗi haka ne don mun saba da zarar an ce kiwo sai a nuna Bafulatani da yatsa, alhali akuyar gida da aka saka ta fi saniya ɓarna ga ƙaramin tsiro.

Sai abu mai ciwo: ka ja da baya. Na bar taku goma sha biyar daga bakin gaɓa ban noma ba. Ƙasar da ta fi kowacce kyau ke nan, mai laka, inda tumatir ke yi ba sai an roƙe shi ba, kuma matata ta yi mini magana a kai fiye da sau ɗaya. Amma ruwa na karɓar wannan ƙasar ko na ba shi ko ban ba shi ba. A tsirin da ka bari, ka dasa jema a jere, layi biyu ko uku suna bin gaɓa, tsakanin tushe da tushe kamar faɗin tafin hannu. Ka datse ganyen kafin dashe, ka dasa farkon damina, Mayu zuwa Yuni, don ta kama ƙasa kafin ruwan Agusta. Saiwar jema tsaye take nutsewa ƙasa, tana ɗinke ta kamar tabarma. Bayan jemar ka sa gora, ko ka kafa rassan ɓaure, suna kamawa. Kada ka kai dogon yaron turare bakin gaɓa, ba ya barin ciyawa ta yi a ƙarƙashinsa.

Shinge shi ne kyarkecinka. Na ƙaya ya isa, sarƙaƙiya ko magarya, ka riƙa sabunta shi, domin shekara biyu zuwa uku na farko su ne masu haɗari. Da zarar itace ya wuce inda bakin akuya ke kaiwa ya tsira. Amma fa kada ka rufe ruwa. Wanda ya toshe mashaya ya nemi faɗa, kuma shingensa ba zai kwana ba. Na je na sami Ardon rugar da ke hayi, muka gaisa, na ce, "Ardo, ranka ya daɗe, ba ruwa na zo hanawa ba. Ka nuna mini inda shanu suka fi son sauka, in bar shi a buɗe." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, inda dutsen nan yake, can ba sa zamewa." Nan muka bari, a gaban mai unguwa. Shanu na sauka wuri ɗaya mai tauri, su sha su hau, sauran gaɓar ta huta. Idan na yanke ciyawar da ta yi yawa a cikin shingen, yaransa nake kira su kwasa.

Masu ɗiban yashi kuwa sun fi ƙarfin manomi ɗaya. Idan tifa na haƙa a gindin gaɓarku, ku haɗu ku je wa mai unguwa tare.

Yanzu maganar tsaron mutane, don inda ciyawa ta dawo, dabba na dawowa. A Yellowstone doka ce ka tsaya nesa da kyarkeci da yadi 100, kuma tun da aka dawo da su ba su kashe kowa a gandun ba. Waɗanda suka zama matsala su ne waɗanda suka saba da abincin mutane har suka daina tsoro, sai da hukuma ta harbe su. Amma a Indiya, a gundumar Bahraich da ke bakin Kogin Ghaghara, a 2024 kyarketai sun kashe kusan mutum 10, yawancinsu yara. An ce ambaliya ce ta cinye musu wuraren fakewa, suka matso ƙauyukan da mutane ke kwana a waje, gidaje da yawa ko ƙyaure babu. Abin lura a nan shi ne lokacin: idan kogi ya cika, duk abin da ke zaune a gaɓa gida yake nufa. A wurinmu macizai ne, da ɓeraye, da karnukan da ba su da mai su.

Saboda haka tsakanin tsirin ciyawar da inda ake zama ka share fili, ka bar hanya ɗaya mai faɗi zuwa ruwa wadda ake ganin ƙasarta. Mai zuwa tada injin ban ruwa da asuba ya sa takalmin roba dogo, ya riƙe tocila da sanda. Kada a zubar da mushe ko kayan cikin kaza a gaɓa, kira ne ga karnuka. Yara kada su je ruwa su kaɗai da sassafe ko da magariba; sunan garin nan ma daga kada ya samo asali, kuma wurin da ba ka ganin ƙasan ruwa ba wurin wanka ba ne.

Idan garken karnuka ya tare ka, abin da ake koya wa masu shiga dajin kyarkeci shi za ka yi. Kada ka gudu, gudu ke tada su. Ka fuskance su, ka ɗaga sanda, ka daka tsawa, ka riƙa ja da baya a hankali, in da yaro ka ɗauke shi. In an yi cizo, ko da ƙarzane ne, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar a nemi allurar haukan kare. Kada a jira a ga ko karen zai haukace, kada a tsaya shafa toka ko barkono. Cutar nan na kashe mutum wajen 59,000 a duniya duk shekara, kuma da zarar alamunta sun fito kusan babu mai tashi.

Bana jemata ta shiga damina ta huɗu. Ruwan Satumba ya hau ya rufe ta kwana biyar, da ya janye na tarar ta kwanta amma tana nan, laka ta taru a bayanta har tsawon idon sawu. Ta gefen gabas, inda shingen ya ɓalle ban gyara da wuri ba, awaki sun cinye gorar, gaɓar ta sake ruftawa. Nan zan fara dashe idan ruwan fari ya sauka.