Yadda Ake Gano Matsalar Lantarki a Sensar Matsayin Kujerar Mota

Wutar gargaɗin jakar iska (airbag, jakar da ke kumbura ta kare mutum in an yi haɗari) ta kama a dashbod, an sa kwamfuta, ta nuna sensar matsayin kujera. Sabon hannu bai tsaya wata-wata ba, sai ya ruga ya sayo sensa. Ya ɗaura, ya goge kod (lambar matsalar da kwamfutar mota ta ajiye), mai mota ya shigo ya ja kujera baya don ya miƙe ƙafa, wuta ta dawo. Na ga haka sau da yawa, kuma a mafi yawansu sensar da aka cire lafiyarta ƙalau. Ciwon yana jikin waya.

Ka fara sanin aikinta. Ƙaramar aba ce da aka ɗaure a jikin ƙarfen da kujerar direba ke zamewa a kai. Tana da maganaɗisu, kuma akwai wani ɗan faranti na ƙarfe da ke gitta ta idan kujera ta matsa gaba. Da haka take sanar da kwamfutar jakar iska cewa direba ya kusanci sitiyari, domin in haɗari ya auku jakar ta fito da sassauci, kada ta doki ƙirjin gajeren mutum da cikakken ƙarfi. Kada ka haɗa ta da sensar nauyi ta kujerar fasinja, ko da masu ƙirga juyin ƙananan injinan lantarki da ke motsa kujera a motar da ke tuna zaman direba. Kowacce hanyarta daban.

Mataki na farko, karanta kod da na'urar da ke iya shiga sashen SRS, wato sashen jakar iska. Ƙananan na'urorin karanta kod masu arha na OBD2 galibi inji kawai suke gani, za su ce maka babu matsala alhali wuta na ci. A wasu motocin Toyota za ka ga B1653, amma kowane kamfani da lambarsa. Rubuta ta a takarda kafin ka goge komai, ka kuma lura ko cewa ta yi layi ya yanke, ko ya taɓa bodi, ko ya haɗu da wuta. Auna batir ma, ya kasance wajen 12.4 zuwa 12.6 in mota a kashe take, don raunin batir kan jawo kod na ƙarya.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe. Bar makulli a kunne, kada ka zare ko soket ɗaya. Buɗe shafin da na'ura ke nuna abin da sensa ke faɗa kai tsaye, ka tura kujera can gaba, ka dawo da ita can baya, a hankali. Rubutun zai sauya daga gaba zuwa baya a wuri guda. Maimaita sau uku ko huɗu. In yana sauyawa daidai, to sensa na aiki, matsalar mai zuwa ce ta tafi. Sai ka durƙusa da tocila, ka goge kod, ka riƙa motsa damin wayar da ke ƙarƙashin kujera da yatsa biyu, taƙi bayan taƙi, idonka a kan allon na'ura. Inda ka taɓa kod ya dawo, nan ne. Ka yi gwajin kujera na gaba, ka sake yi tana baya, domin waya takan saki ne a wani zama, ta miƙe tsaf a wani.

Tsallake wannan matakin ne ya taɓa cinye min yini biyu. Na auna wayoyi da mitar awon lantarki, komai daidai, na canza sensa, wuta ta dawo washegari. Da na kwance tef ɗin da ya naɗe damin, sai ga waya ɗaya kusa da inda aka maƙale ta da jikin kujera: robarta sumul babu ko ƙwarzane, amma da na ja ta da yatsu sai ta miƙe kamar roba. Jan ƙarfen ciki ya karye, bakunan biyu suna taɓa juna idan kujera na tsakiya, su rabu idan an ja ta baya. Ni kuwa duk awon da na yi, kujera na tsakiya. Tun ranar, ba na yarda da mita sai ina lanƙwasa wayar a lokacin da nake awo.

Kana can ƙasa, haska bakin sensar. Maganaɗisu na jawo tarkace: tsabar kuɗi, fil ɗin takarda, ƙaramin noti, garin ƙarfe. Duba farantin ko ya lanƙwashe, musamman in an taɓa cire kujera ko ana cusa kaya a ƙarƙashinta. Kwalbar ruwa guda da ta gangaro daga baya ta isa ta fizge soket.

In za ka zare wani abu, to sai an cire batir. Idan kujerar ta lantarki ce, matsar da ita ka sassauta kusoshinta tukuna, in ba haka ba za ka cire batir ka tarar ba ta motsi. Kashe makulli, cire kan batir mai alamar ragi, ka jira. Toyota na cewa aƙalla daƙiƙa 90, Honda minti 3. Ni minti biyar nake ba kowace mota, don kwamfutar tana riƙe wuta a cikinta na ɗan lokaci. Soket masu ruwan ɗorawa na sashen jakar iska ne. A ƙarƙashin kujerar akwai layin jakar gefe, a wasu motocin har da na abin da ke ɗame bel. Kada ka kuskura ka ɗora mitar awon ohm (awon yadda waya ke tare wuta) ko fitilar gwaji a kansu, 'yar wutar da ke fita daga mita na iya tayar da jaka. Ba ka da zanen wayoyin motar? Tsaya ka nemo shi. Launin waya ba hujja ba ne.

Zare soket ɗin sensa ka duba ƙafafunsa. Kore ko fari-fari alamar ruwa ne, yawanci daga wankin kafet. Ƙafar da ta buɗe ba ta kama da kyau, kuma sau da yawa masu tura tsinken mita ta gaba da ƙarfi ne suka buɗe ta. Ni ta baya nake shiga, da siririn fil.

Sannan ka zare soket na ɓangaren kwamfutar jakar iska, ka auna layukan sensar kaɗai, biyu ne a yawancin motoci. Daga wannan baki zuwa wancan, ƙasa da ohm 1. Tsakanin kowane layi da bodi, da tsakanin layukan biyu, kada mita ta ga hanya ko kaɗan. Ita sensar kanta, awon ohm ba zai gaya maka komai ba, don kayan lantarki ne a cikinta, sai an ba ta wuta take magana. Mutane da dama sun jefar da mai kyau saboda wannan.

Waya lafiya, soket lafiya, babu tarkace, rubutu bai sauya ba: yanzu ka canza sensa. Kwamfuta ita ce abin zargi na ƙarshe. In waya ce ta karye, canza guntun damin na kujera ya fi, kamfanoni da yawa ba su yarda a yi wa layin SRS ɗori ba. Masu cusa resista, ɗan kayan lantarki da ke yaudarar kwamfuta, don kashe wutar dashbod kuwa, ban yarda da aikinsu ba sam, ran mutum ne ke gaban sitiyarin.

Mayar da komai, maƙale damin a hanyarsa ta asali da ɗan sassauci, haɗa batir babu kowa a cikin mota. Goge kod, kunna makulli: wutar ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. Ja kujera gaba da baya har ƙarshe sau goma, sannan ka sake karanta kod.