Kurakuran da aka fi yi wajen farfaɗo da murhun jin ɗumi a tsohon gida

Yawancin gidajen da aka gina a Ingila zamanin Sarauniya Victoria, tsakanin 1837 da 1901, kusan kowane ɗaki da murhunsa a jikin bango. Bayan hayaƙin da ya turnuƙe Landan a 1952 ya kashe dubban mutane, aka kafa dokar tsaftace iska a 1956, jama'a suka koma gas da lantarki, aka yi ta toshe muraho. Yanzu masu sayen gidajen suna buɗe su. Wanda ya san gidajen Turawan kuza a Jos ya san irin murhun.

Babban kuskure shi ne a kashe kuɗi wajen ƙawata fuskar murhu, a manta da bututun hayaƙi. Bututun da ya shekara hamsin a rufe ba a rasa kunkunniya a cikinsa, da ɓaraguzan bulo, da sheƙar wani tsuntsu dangin hankaka da ke cusa ƙirare har ya toshe shi ƙam. Kada a ƙyasta ashana sai mai sharar bututu ya share, ya yi gwajin hayaƙi. A lokacin gwajin a sa wani ya hau ɗakunan sama da ƙarƙashin rufi yana dubawa. In hayaƙi ya ɓullo ta bango, ginin ciki ya tsattsage, sai an zura sabon bututu daga sama. Wani gidan ma mai shi na da ya rushe rabin bututun don faɗaɗa ɗaki, murhun ba shi da mafita sam.

Wajen ɓalle allon da aka rufe bakin murhu a yi hattara, domin tsofaffin allunan wasu na ɗauke da asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda sai 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya. A bari gwani ya gwada tukuna.

Sai batun gyaran bulon bututu da siminti, kuma nan ne magina masu gaggawa ke ɓata gida. Da kwaɓin farar ƙasa aka ɗora tsohon jan bulo, mai laushi ne, yana barin laima ta fita. Siminti ya fi bulon tauri, yana kuma riƙe ruwa. In sanyi ya tsananta ruwan ya daskare, fuskar bulon ta dinga ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Shekara biyu uku sai ka ga tabon danshi a bangon ɗakin kwana, ka ɗora laifin a kan rufi. Gyaran shi ne a kankare simintin a hankali, a mayar da farar ƙasa. Aikin yana cin lokaci, amma ni ban ga dalilin yin rowa a nan ba.

In wuta ta kama amma hayaƙi na dawowa ɗaki, sau da yawa bakin murhun ne ya yi wa bututun girma, ko sababbin tagogi sun hana iska shigowa. Buɗe taga kaɗan: in hayaƙin ya miƙe sama, ƙofar iska ake buƙata, in bai miƙe ba a rage bakin.

Ɗanyen itace yana shafe cikin bututu da baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, shi ke kamawa da wuta. A nemi wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. A tambayi ƙaramar hukuma ko unguwar na cikin wuraren da aka hana fitar da hayaƙi, don a can ba a ƙona itace a buɗaɗɗen murhu. A kuma kafa ƙararrawar kabon monoksaid, iskar gubar da wuta ke fitarwa, a ɗakin, tunda iskar ba ta da wari ko launi, mutum yana barci take kashe shi.