Yadda ake haɗa makunnin Sonoff da fitilar ɗaki don a kunna ta daga wayar hannu

Yawancin masu fara wannan aiki suna buɗe makunnin bango ne da farko, kuma daga nan matsalarsu take farawa. Sonoff Basic ƙaramar kwamfuta ce mai ɗauke da Wi-Fi, saboda haka tana bukatar wutar kanta a kowane lokaci, wato layif da nutural duka biyu, alhali a yawancin gidajenmu wayoyi biyu ne kawai a bayan makunnin bango: layif mai shigowa, da wanda yake komawa zuwa ƙwan fitila. Nutural yana can sama, wajen holda.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Na ga baƙar waya a bayan makunni, na ɗauka nutural ce tun da a tsohon tsari ja shi ne layif, baƙi kuma nutural, sai na ɗaura ta. Da na mayar da wuta, ƙwan ya shiga ƙyaftawa, na'urar kuma tana ta ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa, domin duk lokacin da ta kunna fitilar sai ta yanke wa kanta wuta. Saboda haka kada ka yarda da launin waya, ko da sabon tsari ne mai ruwan ƙasa da shuɗi, domin mai wayarin yakan yi amfani da abin da ya rage masa a hannu. Ka gwada da mita tukuna; tasta mai ɗan haske takan yi ƙarya.

Kafin ka hau tsani, ka haɗa komai a kan tebur. Ka samo fulogi, da guntuwar waya, da holda, da ƙwai ɗaya. Na'urar tana da ɓangare biyu, shiga da fita, kowanne da alamar L (layif) da N (nutural), kuma wayar fulogi tana zuwa shiga, ta holda kuma fita. Ka ɗaure sukurori da kyau, ka ja kowace waya a hankali ka tabbatar ba ta zamewa, sannan ka rufe murafen kafin ka sa a soket.

Daga nan sai ka sauke manhajar eWeLink, ka danna maɓallin jikin na'urar na kimanin daƙiƙa 5 har hasken ya fara ƙyaftawa sau biyu gajere, sau ɗaya dogo. Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai na'urar take ganewa, don haka idan rawutarka, wato akwatin da yake ba da Wi-Fi a gida, ta haɗe 2.4 da 5 a ƙarƙashin suna ɗaya, ka kashe 5 ɗin har ka gama. Ban yarda a haɗa ta da intanet ɗin wayar hannu ba, ko da yake ya fi araha, domin da zarar ka fita da wayar, fitilar ta rasa mai yi mata magana. Ƙaramar MiFi da za ta zauna a gida ta isa, kuma datar da na'urar take ci kaɗan ce ƙwarai.

Idan ta yi aiki a tebur, sai a koma sama. Ka kashe babban makunnin gida, ka kashe inbata idan akwai, kuma ka tabbatar babu wanda zai tayar da janareta kana kan tsani. Jin cewa an ɗauke wuta ba hujja ba ce, domin ana iya dawo da ita kana riƙe da waya. Ka cire wayoyi biyu da suke shiga holda, ka sa su a ɓangaren shiga, ka ja sababbi guda biyu daga fita zuwa holda. Makunnin bango zai zauna a kunne daga ranar, kuma ni nakan manna masa salatif saboda yara.

Saura saituna. A cikin manhajar akwai zaɓin halin da fitila za ta kasance idan wuta ta dawo: a kunne, a kashe, ko yadda take kafin a ɗauke. Na ɗakin kwana ka bar shi a kashe, in ba haka ba wutar ƙarfe biyun dare za ta tashe ka. Fitilar ƙofar gida kuwa ka sa mata jadawali daga magariba zuwa asuba, amma ka sani na'urar ba ta da batirin agogo, daga intanet take samun lokaci, don haka ya kamata rawuta ta kasance a kan inbata. Iyakar Sonoff ɗin amfiya 10 ce. Fitila da fanka ba damuwa, amma kada ka ɗora mata hita ko dutsen guga.