Yadda za ka shigar da ƙungiyar ɓarayi cikin wasan labari

Matasan Yamai da ke buga Dungeons & Dragons (wasan da mutum ɗaya ke jan labari, sauran suna taka rawar jarumai) a fada, wato majalisar hira, ga hanya. Wasan ya fito a Amurka a 1974, aka ƙara ɓarawo cikin rawar da ɗan wasa zai iya takawa a 1975. Kai mai jan labari, ɗauko takarda da alƙalami tun shayi bai tafasa ba.

1. Zana birnin, ka yi wa ɓarayin maɓoya: ƙarƙashin marina ko bayan rumfar mahauta.

2. Naɗa sarkin ɓarayi. A ƙasansa sa dillalin kayan sata, masu fasa ƙwauri, ƴan sane, sai yara masu leƙen asiri.

3. Nan aikin yake. Ƙungiyar ba sata kawai take ba: tana karɓar kuɗin kariya wurin ƴan kasuwa, tana sayar da labari, tana toshe bakin dogarai. Kowane ɓarawo yana kai kasonta. Baƙon da ya yanki aljihu ba izini, kafin magariba an kai masa saƙo. Rubuta dokoki uku, har da hukuncin mai tona asiri. A ganina dokar da ta fi daɗi ita ce wadda ƴan wasa za su so karyawa.

4. Ba ɓarayin zaurance da alama, misali zanen alli a jikin ƙofa.

5. Ba ƴan wasanka aikin farko: su sato hatimi daga gidan attajiri. Wurin buɗe kwaɗo, a jefa ɗan lido mai fuska 20. In lambar da ta fito ƙarama ce, kare ya yi haushi.