Biran hanyar Ɗa'ifa: kurakuran da alhazanmu suka fi yi

Na daɗe ina kai alhazai ziyara Ɗa'ifa daga Makka, kuma da zarar mun fara hawan dutsen Hada sai in ji daga baya, "Malam direba, tsaya mana, ga birai!" Gwaggon biri ne, irin masu kwana a tsaunukan Sarawat, tun daga nan har Baha da Abha.

Babban kuskure shi ne ba su abinci. Hajiya za ta zaro ayaba ko biskit da niyyar sadaka, na kuma san don Allah ta yi. Sai dai dabbar da ta saba kiwon ciyawa, saiwa da ƙwari, in ta ɗanɗana abincin mota sai ta bar kiwo ta tare a bakin titi. Abincin banza na sa su hayayyafa fiye da yadda dajin zai ɗauka, ga shi damisar Larabawa da ke rage su a da ta kusa ƙarewa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata 10 ga Fabrairu don tunatarwa. Daga nan sai su gangara gonakin inabi da rumman, su faɗa gidaje. Manomi ya yi asara, birin kuma ya ƙare a tarko ko ƙarƙashin taya. Na ga uwa tana jan gawar ɗanta daga kan kwalta, abin bai bar raina ba har yau. Hukumar kula da namun daji ta Saudiyya ta hana ciyar da su, akwai tara. Ki riƙe ayabarki, Hajiya, mabuƙata na nan a gari.

Sai fita da leda a hannu. Biri ya san ƙarar leda, zai fizge ta ko da takalmi ne a ciki. A bar kaya a mota, a ɗaga gilashi, shara kuma a tafi da ita.

Wasu kan matsa kusa don hoto, su zuba wa babban namijin ido, mai farin gashin nan a kafaɗa, suna washe baki. A wurinsa wannan neman faɗa ne. In ya yi hamma ya nuna fiƙa, gargaɗi yake yi, ba barci ba. Kau da ido, Alhaji, ka ja da baya sannu, ban da gudu, ban da jifa. Kada ka shiga tsakaninsa da matansa, kada yaro ya taɓa jaririn biri.

In an yi cizo ko yakushi, kada a tsaya shafa man zafi. A wanke da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare.