Yadda Mai Filaza A Abuja Zai Rage Cin Wuta Ya Kuma Cika Ƙa'idojin Hukuma

Tun Afrilun 2024, da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin samun wuta mafi yawan awoyi a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, masu filaza da ofisoshi da yawa a Wuse da Garki suka daina jefa takardar kuɗin wuta ta AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, cikin durowa ba tare da sun karanta ba. Wasu nan take suka ruga wajen masu sola. Ni da nake kula da wani benen haya a Garki, shawarata ita ce sola ta jira tukuna, akwai abubuwan da ke gabanta.

Abu na farko, lissafi. Tattaro takardun wuta na wata 12 da rasiɗan dizal, ka rubuta a littafi ɗaya: yunit nawa aka sha, lita nawa aka ƙona, awa nawa janareta ya yi yana aiki. Sannan ka zaga ginin da kanka bayan an tashi. Wani dare wajen ƙarfe goma na shiga namu, shaguna duk a kulle, amma mita sai gudu take. Na ce wa maigadi, "Baba, wa ya rage a sama?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kowa." Ashe injin burtsatse ne ba ya tsayawa, ɗan makunnin da ke kashe shi idan tanki ya cika ya lalace, ruwa na ta kwarara bayan katanga. A hawa na biyu kuma esi biyu na ta sanyaya kujeru. Gyaran makunnin bai kai kuɗin jarkar dizal ba.

Daga nan ka sa wa kowane ɗan haya ƙaramar mitarsa. Muddin kuɗin wuta raba-daidai ake yi, mai shagon ɗinki zai ci gaba da biya wa mai firiza uku, kuma ba wanda zai kashe komai. Sai dai mitar ta rabon kuɗi ce kawai. Sayar da wuta da riba aikin mai lasisi ne.

Na biyu, takardu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka ka buɗe fayil guda ka zuba komai a ciki. Amincewar Sashen Kula da Gine-gine na Abuja ita ce kan gaba, musamman idan gidan zama ne aka mayar da shi shaguna, ko an ƙara hawa. Sai shaidar biyan kuɗin shara na AEPB, hukumar kare muhalli ta Abuja. Sai takardar NEMSA, hukumar da ke duba wayarin da taransifoma ta tabbatar ba su da haɗari. Manyan wurare irin su otal da babban kanti, NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, na neman rahoton binciken muhallinsu duk shekara uku. Wanda injinsa na samar da wuta ya haura megawat ɗaya yana bukatar izinin NERC ko da shi kaɗai ke shan wutar. Akwai kuma wadda mutane ba su cika sani ba: Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta ɗora wa kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ya ɗauki matakan rage hayaƙi, ya kuma ware jami'in da zai riƙa kai rahoto duk shekara.

Na uku, jikin ginin, kuma nan ne kuɗin yake. A 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta fitar da kundin ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, wanda ake kira BEEC. Abin da ya ce ba shi da wuyar ganewa. Tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango, idan sun wuce a yi musu inuwa. A shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Fitilun ofis kada su wuce wat 8 a kowace murabba'in mita. Esi kuma ya zama mai inbata, wato irin wanda ke rage gudun injinsa idan ɗaki ya yi sanyi.

Dubi benayen gilashin da ake yayi yanzu. Suna da kyau a hoto, amma gefen da ke kallon yamma, da la'asar a watan Maris, tanda ne. Esi yana kokawa da rana har magariba, ɗan haya yana kokawa da kai. Idan sabon gini ne, ka sa mai zane ya nuna maka lissafin tagogin tun kafin a kai takarda neman amincewa. Idan tsoho ne, rumfa a kan taga da abin tare zafi a saman silin na hawan ƙarshe sun fi kowane gyara saurin nuna kansu. Tsofaffin dogayen kwayaye kuwa a canza su da LED, wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Na huɗu, esi. In za ka saya, duba tambarin taurarin tattalin wuta na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, a jikinsa, kuma ka guji na gwanjo komai arharsa, domin abin da ka rage a kasuwa mita za ta karɓe. A bar shi a digiri 24. Lokacin hunturu ƙura na toshe matacinsa cikin 'yan makonni, sai a riƙa wankewa. Injinsa na waje ma kada a cusa shi a lungun da iska ba ta wucewa.

Yanzu ne za ka kira mai sola. Ba shi littafin lissafin nan bayan gyare-gyaren sun yi wata biyu ko uku, ya auna maka faranti da batir a kan abin da ginin ke ci yau. Ka tabbatar rufin zai ɗauki nauyin, ka nemi shaidar NEMSA ta mai haɗawar, kuma a bar hanyar da yaro zai hau ya goge farantan idan hazo ya sauka. Kafin a ɗaura ko kusa ɗaya, ka zauna da 'yan haya a rubuta cikin yarjejeniya wa zai ja wutar, a wane lokaci, da kuma wa zai biya ranar da batir ya mutu.