Yadda zaka ciro sunan mutanen ƙasa daga sunan ƙasarsu

Abin bashi da wuya wallahi, hanya biyu ce kawai, in ka kama su shikenan.

Ta farko ka sa ba- a gaba, namiji ka ƙare da -e, mace da -iya, in suna da yawa kuma ka jefar da ba- ɗin gaba ɗaya ka sa -awa a baya. Ɗauki Amurka: Ba'amurke, Ba'amurkiya, Amurkawa. Turkiyya kuma Baturke, Turkawa. To nan ne yara ke tafka kuskure, naji wani ɗan firamare yana cewa "Bahausawa", ai ba- bata bin jam'i, Hausawa ne kawai.

Sai ka lura da s, da zarar e ko i ta biyo bayanta sai ta koma sh, shiyasa Faransa ta ba da Bafaranshe da Bafaranshiya, Jamus ta ba da Bajamushe, amma a jam'i s ɗin ta dawo abinta, Faransawa, Jamusawa. Haka t ke komawa c, duba Sakkwato, Basakkwace, Sakkwatawa. In sunan ya fara da wasali kar ka manta ɗan alamar nan ta sama, Ba'indiye ake rubutawa ba Baindiye ba.

Hanya ta biyu ita ce ɗan, 'yar, 'yan, kuma gaskiya ita tafi yawa. Ɗan Najeriya, 'yar Nijar, 'yan Kamaru, ɗan Chadi. Ka taɓa jin ance Banajeriye? Ko a rediyo babu. Ƙasar da ta sake suna ma ba ruwanka, Upper Volta ta koma Burkina Faso a 1984, sai kace ɗan Burkina ka wuce.

Amma fa biyun ba ɗaya bane kullum, ba- tafi karkata ga asali da yare, ɗan kuma fasfo ne. Balarabe ba mutumin ƙasa guda ɗaya bane, zai iya zama ɗan Masar ko ɗan Saudiyya ko ɗan Maroko, Bature ma haka, Turai nahiya ce guda, shiyasa sai an ƙara ace Baturen Ingila. Bahaushen Zangon Kumasi kuwa Bahaushe ne cikakke kuma ɗan Ghana ne.

In ka gwada ba- kaji tayi nauyi a baki, kar ka matsa mata, koma kan ɗan.